Lisbon, garin da girgizar ƙasa ta raba gida biyu

Jama'a barkanmu da warhaka. Tunda na sa hotunan Lisbon mutane keta tambayata wai me ya kaini Fotugal, ga Faris ga Landan ga Rum inda kowa ke zuwa. To ni dai Allah ya ɗora min son tsohon gini, in naga bangon da ya shekara ɗari biyar sai na tsaya na taɓa shi da hannuna, kuma gaskiya a garuruwan Turai da na taka babu wanda tarihinsa ke kwance a fili a kan titi kaman wannan garin, ba sai ka shiga gidan tarihi ba, ƙafarka kawai zaka bi ta nuna maka.

Ƙafar kuwa zata sha aiki, na faɗa muku tun yanzu. Garin kan tuddai yake, hawa da gangara, kana gama wani hawan wani na jiranka, gashi kusan duk gefen titunansu daɓen ƙananan duwatsu ne farare da baƙaƙe da ake jerawa da hannu ɗaya bayan ɗaya, sunyi sulɓi sabida tsabar taku, in akayi ɗan yayyafi kuwa sai kayi a hankali. Na tarar da wani dattijo yana gyaran irin wannan daɓen a wani lungu, yana zaune kan ɗan guntun benci da 'yar gudumarsa, sai ya ɗau dutse ya juya shi a tafin hannu ya ɗan fasge gefe ɗaya, ya dasa shi cikin yashi ya buga sau biyu ya ɗau na gaba, ko kallon dutsen baya yi sosai hannunsa ya riga ya sani. Na daɗe a tsaye ina kallonsa. A dandalin Rossio da irin waɗannan duwatsun akayi zanen igiyar ruwa tun wajen 1849, in kana tafiya a kai sai ka rantse ƙasar tana lilo.

Duk wanda zaije ina bashi shawara ya fara daga can sama, wato fadar São Jorge dake kan tudun da ya fi ko'ina kallon gari. Nan ne zuciyar tsohon birnin. Musulmi sun mulki Lisbon sama da shekara 400, tun wajen 714 har zuwa 1147 lokacin da sarkin Fotugal na farko Afonso Henriques ya kewaye garin da taimakon mayaƙan yaƙin Salibiyya da suka taso daga Ingila da Jamus da yankin Filandas (wajen Beljiyam ta yau), akayi wata kusan huɗu ana fafatawa kafin garin ya faɗi a watan Oktoba. Yawancin ganuwar da ake ɗaukan hoto a jikinta yanzu gyara ne da akayi wajen 1940, shiyasa zaka ganta tsaf tsaf, amma akwai wani sashe can ciki da aka haƙa aka tono gidajen Musulmi na ƙarni na 11, kuma mutane basu cika zuwa wajen ba, kowa na can yana bin ɗawisun dake yawo a farfajiyar da waya. Ni can na tafi. Ana ganin tsakar gida, ɗakuna sun kewaye ta, ga ragowar shafen bango ja da fari har yanzu bai gama gogewa ba. Wallahi sai da jikina yayi sanyi, mutane ne sukayi alwala sukayi sallah a nan, suka haihu suka aurar da 'ya'ya, shekara kusan dubu kenan.

In ka gangaro daga fadar ta ɓangaren kogi sai ka faɗa Alfama, unguwar da tafi kowacce tsufa. Nan kam taswirar waya bata da wani amfani, lungu ne cikin lungu, matakala ta kaika wata matakala, wani wajen in ka miƙa hannu biyu zaka taɓa bango da bango, an shanya wanki daga taga zuwa taga, tsofaffi mata na leƙowa daga sama suna hira da maƙwabta, ƙamshin gasasshen kifi ko'ina. Nan ƙasa kaɗan babbar cocin garin take wadda suke kira Sé, an fara gina ta jim kaɗan bayan 1147, kuma kallo ɗaya zaka mata kasan a zamanin yaƙi aka gina ta dan hasumiyoyinta biyu sunfi kama da na sansanin soja. A farfajiyarta ta ciki an haƙa ƙasa an samu titin Rumawa da ragowar gine-ginen zamanin Musulmi, wani kan wani. Ta ɗaya gefen tudun kuma Mouraria ce, unguwar da aka tura Musulmin da suka rage bayan an ci garin, suka zauna nan har 1496 da sarki Manuel na farko ya bada dokar cewa Yahudawa da Musulmi ko dai su karɓi Kiristanci ko su bar ƙasar. Abin da ya faranta min rai shine yau in ka shiga wannan unguwar, musamman titin Benformoso kusa da dandalin Martim Moniz, 'yan Bangaladash ne da Fakistan da 'yan Afirka cike, ga gidajen abincin halal ga ƙananan masallatai, kana tafiya kana jin ana sallama. Mai neman inda zai ci abinci hankali kwance nan zai nufa. Babban masallacin garin kuma yana can wani ɓangaren, a 1985 aka buɗe shi.

To amma abin da yasa nace a fara daga sama shine wannan. In ka tsaya kan ganuwar fadar ka kalli ƙasa, zakaga gidajen dake ƙarƙashinka a hargitse, rufin jan tayil kowanne ya kalli inda yaga dama, sai kawai daga wani waje komai ya miƙe, tituna sun tafi ɗoɗar har bakin kogi kaman an ja su da rula a littafin lissafi. Gari ɗaya amma kala biyu. Dalilin kuwa rana ɗaya ce, Asabar 1 ga Nuwamba 1755.

Ranar babbar ranar ibada ce ga Katolika, ranar tunawa da waliyyansu, coci-coci sun cika an kunna kyandir ko'ina. Wajen ƙarfe tara da minti arba'in na safe ƙasa ta fara girgiza, ta ɗau mintuna tana yi, rufin gine-gine suka dinga ruftawa kan jama'a. Waɗanda suka tsira sukayi bakin kogin Tejo da gudu dan nan ne fili babu abin da zai faɗo musu, suna tsaye sai sukaga ruwa ya janye har ana ganin ƙasan kogin, basu san me hakan ke nufi ba bayin Allah, bayan kaman minti arba'in da girgizar ruwan ya dawo da ƙarfinsa ya haye gari ya kwashe su. Sannan kyandir ɗin nan da wutar girki suka tada gobara wadda tayi kwanaki tana ci. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Dubun dubatar mutane suka mutu, fadar sarki dake bakin ruwa ta tafi da ɗakin karatunta mai littattafai wajen 70,000 da takardun tafiye-tafiyen teku, sabon gidan wasan da aka buɗe watanni kaɗan kafin nan shima ya tafi. Sarki José na farko Allah yasa yana wajen gari ta ɓangaren Belém shi da iyalinsa, ya tsira, amma tsoron da ya shige shi bai sake yarda ya zauna cikin ginin dutse ba, fadar katako da tantuna aka masa a tudun Ajuda ya zauna har ya mutu a 1777. Alfama kuwa da yake kan dutse take bata ji jiki kaman ƙasan gari ba, shiyasa lungunanta suka kawo yau.

Wanda ya riƙe ragamar ƙasar a wannan halin shine ministan sarki, Sebastião José de Carvalho e Melo, wanda daga baya aka fi sani da Marquês de Pombal. Mutum ne mai tsauri, an san shi da rashin tausayi ga abokan hamayyarsa, wannan ba'a ɓoye yake ba, amma aikin da yayi wa garin nan dole ka jinjina masa. Shi da injiniyoyin soja irinsu Manuel da Maia da Eugénio dos Santos da Carlos Mardel suka yanke shawarar ba za'a maida ƙasan garin yadda yake da ba, aka share kufai aka baje, aka zana sabbin tituna masu faɗi, gidaje tsayinsu ɗaya fuskarsu ɗaya, aka raba tituna bisa sana'a, ga titin maƙeran zinariya ga na azurfa ga na masu ɗinkin takalmi, sunayen suna nan har gobe. Wannan unguwar ita ake kira Baixa. In kana wucewa zakace ai gidajen basu da wani ado, gaskiya ne, adon nasu a cikin bango yake. Kowane gida an fara kafa masa keji na katako ne, sanduna a tsaye da a kwance da a gicciye, sannan aka cike tsakani da dutse da ƙasa, dan in ƙasa ta motsa katakon ya lanƙwasa ya dawo, ko cikon ya zube benen ba zai rufta kan mutane ba. Tsakanin gida da gida kuma an ɗaga bango ya wuce rufi dan kar wuta ta tsallaka. A wani shago da aka kankare shafen bangon aka barshi a buɗe na ga kejin da idona, katakon yayi baƙi sabida tsufa amma ko gezau. Kuma da yake wajen ƙasa ce mai ruwa, turakun itace aka dinga kafawa a cikin laka aka ɗora ginin akai, akwai wani waje a titin Correeiros da ake sauka ƙarƙashin gini a nuna maka turakun, gefensu ga kwatamin da Rumawa ke jiƙa kifi da gishiri.

Wani abin da yafi burgeni da Pombal ma ba ginin bane. Bayan abin ya faru ya aika da takardar tambayoyi zuwa ga limaman coci na duk faɗin ƙasar, ƙarfe nawa ta fara a wajenku, minti nawa tayi, teku janyewa ya fara ko tasowa, rijiyoyi sun ƙafe ko sun ƙaru, gidaje ta wane ɓangare suka fi faɗuwa. Amsoshin suna nan a ajiye, masana girgizar ƙasa na amfani dasu har yanzu. A lokacin da kowa ke cikin ruɗani shi ya zauna yana tunanin yadda za'a fahimci abin dan gobe.

Daga Baixa in ka bi titin Augusta ka ratsa ƙarƙashin babbar ƙofar nan mai baka, wadda sai bayan sama da shekara ɗari aka kammala ta, sai ka fito dandalin Comércio, a gurbin tsohuwar fadar. Fili ne makeke, gine-gine ruwan ɗorawa ta gefe uku, gefe na huɗu kogi, a tsakiya ga mutum-mutumin sarki José kan doki da aka kafa a 1775. Akwai matakalar dutse da ta gangara ta shige cikin ruwa tsakanin ginshiƙai biyu, da yamma cike take da mutane a zazzaune. A wannan dandalin ne kuma aka harbe sarki Carlos da ɗansa mai jiran gado a 1 ga Fabrairu 1908, shekara biyu bayan nan sarauta ta ƙare a ƙasar gaba ɗaya.

Amma in kuka ce na zaɓi waje ɗaya tak, cocin Carmo zan ɗauka. Nuno Álvares Pereira ne ya kafa ta a 1389, jarumin da ya jagoranci sojan Fotugal a yaƙin Aljubarrota na 1385. Ranar girgizar rufinta ya rufta. An fara sake ginawa, aka tada ginshiƙai da bakunan da zasu ɗau rufi, aiki na tafiya a hankali har 1834 da gwamnati ta rufe gidajen ibadar malaman coci a ƙasar, shikenan aka tsaya. Daga baya da aka samu halin ƙarasawa sai aka zaɓi a barta haka, tun 1864 ta koma hannun masu binciken kayan tarihi. Kana shiga ta ƙofa zaka sauka 'yan matakala, ka ɗaga kai kana jiran ganin rufi sai kaga sama kawai, bakunan dutse sirara sun tsallaka daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi babu komai a kansu, tsuntsaye na ratsawa, jirgin sama ya wuce ka ganshi ta tsakiya. Na karanta labarin 1755 ba adadi kafin naje amma gani ya kori ji, a nan ne abin ya shige ni. Ɗan dandalin dake ƙofar cocin shima nada nasa labarin, barikin dake jikinta nan ne shugaban gwamnati Marcelo Caetano ya fake ranar 25 ga Afrilu 1974, sojoji ƙarƙashin kyaftin Salgueiro Maia suka kewaye wajen jama'a sun cika ko'ina har kan bishiyoyi, kafin dare ya miƙa wuya, mulkin kama-karya na shekara 48 ya zo ƙarshe. Daga nan ne ƙasashen Afirka da Fotugal ke riƙe dasu irinsu Angola da Mozambik suka samu 'yanci.

Irin wannan halin na barin tabo a fili na sake ganinsa a cocin São Domingos kusa da Rossio. Gobara ta cinye cikinta a 1959, da aka sake buɗewa a 1994 rufi kawai aka sabunta, ginshiƙan an barsu a ƙone a tsattsage, dutsen ya ɓantare yayi baƙi. A nan aka fara kisan gillar 1506 da aka yiwa Yahudawan da aka tilasta wa shiga Kiristanci, kuma akwai dutsen tunawa a ƙofar da ya faɗi hakan ƙarara. Dandalin gabanta matattarar 'yan Afirka ce musamman 'yan Gini Bisau, zaka gansu da manyan riguna da huluna ana gaisawa ana hira. Ina ganin girman al'ummar da bata shafe abin kunyarta da fenti.

Sai dai ba ko'ina sukayi hakan ba, kuma wannan ya kawoni Belém. Belém na can yamma bakin kogi, daga nan Vasco da Gama ya tashi a 1497 ya kewaya ƙasan Afirka ya isa Indiya a 1498. Gidan ibada na Jerónimos da aka fara a 1501 aka ɗau kusan shekara ɗari ana yi, kai jama'a, ban taɓa ganin an sarrafa dutse haka ba. An sassaƙa igiyar jirgin ruwa a jikin dutse har da ƙullinta, ga ganyaye ga dabbobin teku, farfajiyar ciki bene biyu ce kuma da wuya kaga ginshiƙi biyu masu ado iri ɗaya. Cikin cocin kuwa ginshiƙai ne sirara dogaye suka riƙe rufin dutse mai faɗi, kana kallo kana mamakin yadda bai faɗo ba, gashi har girgizar 1755 ya tsallake. Kabarin Vasco da Gama na nan daga shiga. Gaba kaɗan hasumiyar Belém ce da aka fara a 1514 dan tsaron bakin kogi, maginin Francisco de Arruda ya taɓa aiki a Maroko shiyasa ƙananan ɗakunan gadi na kusurwoyinta keda 'yan kubbobi irin na can. A ƙasan ɗaya daga cikinsu akwai kan karkanda da aka sassaƙa, na tunawa da wadda aka kawo wa sarki Manuel daga Indiya a 1515, ruwa da iska sun cinye ta sosai sai ka lura zaka gane. A 1983 UNESCO ta sa duka biyun cikin kayan tarihin duniya. Layin shiga dogo ne, a je da sassafe.

Ina kallon kyan nan amma raina ba daɗi. Kuɗin ginin daga harajin kasuwancin Afirka da Gabas ya fito, barkono da kayan yaji da zinariya, kuma jiragen da suka kawo wannan arziƙin su suka kawo mutane a ɗaure. Tun 1444 aka yi babban gwanjon bayi 'yan Afirka a garin Lagos na kudancin Fotugal, zuwa tsakiyar ƙarni na 16 kusan mutum ɗaya cikin goma a Lisbon bawa ne, kuma babu ƙasar da jiragenta suka tsallaka da 'yan Afirka tekun Atlantika kaman Fotugal, akasari zuwa Burazil. Amma ga ƙaton ginin tunawa da masu binciken teku da aka kafa bakin ruwa a 1960, mutum 33 a jere bayan yarima Henrique wanda ya ɗauki nauyin tafiye-tafiyen teku na farko, sarakuna da matuƙa da malamai da masu zanen taswira, ka zaga shi kaf babu abin da ke nuna waɗanda aka kwaso. Na tsaya wajen ina kallon 'yan yawon buɗe ido na ɗaukan hoto suna dariya, banga laifinsu ba dan ba'a faɗa musu ba. Ɗan Afirka dai in yaje ya shiga ya more kallon aikin maginan nan, sun cancanci a yaba musu, amma yasan da gumin wa aka biya su.

Sauran abubuwan zan taƙaita dan rubutun yayi tsawo. Ɗan taragon lantarkin nan rawaya mai lamba 28 da kuke gani a hotuna, irin na shekarun 1930 ne, yana bi ta Alfama yana goga bango kaman zai shiga ɗakin mutane, yana da daɗi amma cunkoso ne, a riƙe waya da jaka da kyau. Gidan tarihin tayil dake tsohon gidan ibada na Madre de Deus kuwa kar a bari ya wuce, a saman bene akwai zanen garin gaba ɗaya da tayil shuɗi da fari, tsawonsa wajen mita 23, an yi shi wajen 1700, wato Lisbon ce kafin girgizar, zaka bi shi da ido kana gane fadar São Jorge da Sé da hasumiyar Belém, kana kuma ganin fadar bakin ruwa da unguwanni da babu su yanzu. Yafi ma'ana in an riga an zaga garin da ƙafa kafin a je.

Sai gadar ruwa ta Águas Livres wadda mutane ƙalilan ke zuwa. Sarki João na biyar ya sa aka fara ta a 1731 da harajin nama da man zaitun da giya dan kawo wa garin ruwan sha, ruwa ya fara isowa a 1748. Inda ta tsallaka kwarin Alcântara bakuna 35 ne, mafi tsayinsu mita 65, kuma shekara bakwai da fara kawo ruwa girgizar ta zo ta wuce bata kada ta ba. Ana barin mutane su hau su taka ta sama daga wannan bakin zuwa wancan, motoci da jirgin ƙasa na wucewa can ƙarƙashinka, iska kuwa sai ka riƙe hularka. Mai tsoron tsayi ya tsaya daga ƙasa ya kalla, daga can ma an fi ganin girman bakunan.